Bindigar da Gide Bai Auna Ba

A Rafin Gawo, wani ƙauye da ke gefen hanyar da ta taso daga Sheme ta nufi Tafoki, an yi wani mutum da ake kira Gide Sarkin Bindiga. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Kunnensa na dama ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar albarushi, shi ya sa in ana yi masa magana yakan juyo da gefen hagu, kamar mai shirin tashi ya tafi. Baƙi sukan ɗauka girman kai ne, alhali kuwa so yake ya ji abin da ake faɗi.

Yana da kyau a gyara abu ɗaya tun daga farko. A wancan zamani, in aka ce 'yan bindiga a ƙasar Faskari, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Manoma ne masu bindigar toka, irin wadda maƙera ke ƙerawa, ake ɗura mata albarushi ta baki. Da kaka suna tsare gonakinsu daga birai da gadu. Ranar Sallah ko ta wani babban biki kuma sai su sa rigunan saƙi masu layu, su jeru, su yi harbin gaisuwa, yara na toshe kunne suna dariya. Kowannensu yana da lasin, ana sabunta shi a ofishin hakimi in shekara ta kewayo.

Gide ya gaji sarautarsa daga mahaifinsa, Ɗanliti. Sarauta ce da ba ta da rawani, ba ta da albashi, aiki ɗaya gare ta. Kafin a yi harbin gaisuwa, Sarkin Bindiga yakan bi layi da sandar ɗuri, wani siririn ƙarfe mai tsawon kororon bindiga, ya karɓi bindigar kowa da hannunsa, ya zura sandar a ciki. In albarushi da tsumma kawai aka ɗura, abin da zai rage a waje bai wuce yatsu uku ba. In ya fi haka, to akwai ƙarfe a ciki, ɗurin farauta ne, kuma mai ita zai koma gefe ya zazzage ta a gaban jama'a, ana yi masa ba'a. Ɗanliti ya koya wa ɗansa cewa ba a tambayar mutum abin da ya ɗura, domin mutum yana mantuwa. Sandar ake tambaya. Gide ya riƙe wannan fiye da shekara ashirin, ko kaza ba a taɓa ji wa ciwo a harbinsa ba.

Matarsa Lauratu ɗiyar Mamuda ce, wani tsohon maharbi na bakin dajin Sabuwa, wanda ya kashe ɓauna tun Gide bai zo duniya ba. Rabin masu bindiga na wannan yanki a hannunsa suka koyi ɗuri. Gide yana jin kunyar surukinsa irin kunyar mutanen da. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In ya hango shi a hanya yakan tuɓe takalmi ya ratse ya durƙusa. Sunansa kuwa bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, har ma in wani yaro yana da wannan suna, sai ya laƙaba masa wani. In dole ta sa zai ambaci tsohon, "na Sabuwa" yake cewa. Duk ƙauyen sun san da haka, abokansa har tsokanarsa suke yi a kai.

Sai shekarun kuɗin mai suka zo. Rufin kwano ya fara ƙyalli a tsakanin bukkoki, rediyo ta shiga kusan kowane zaure, samari suka jingine kekuna suka hau babura. Aikin Hajji, wanda kakanni ke yi da ƙafa su shekara bakwai ba su dawo ba, ya zama tafiyar jirgi daga Kano. A ƙarshen shekarar 1977, Salihu dillalin auduga, wanda ya samu kwangilar zuba tsakuwa a sabuwar hanya, ya sauke farali. Danginsa suka ce za a yi masa tarbar da za a ji ƙararta har Ƙanƙara. Suka aika gari gari, duk mai bindiga ya zo.

Da hantsi Gide ya fara bin layi. Bai taɓa ganin bindigogi da yawa haka a wuri ɗaya ba, amma bai tsallake ko guda ba. Ya zo kan Mani, wani dogon manomi daga wajen Sabuwa, ya zura sanda, ta tsaya da tsawon tafin hannu a waje.

"Mani, Alhaji muka zo tara ko giwa?"

"Wallahi Sarki, albarushi ne zalla."

"To albarushin naka ƙashi gare shi. Koma ka zazzage."

Mani ya kife bindiga, guntayen ƙusa suka zubo, aka fashe da dariya. Wani ya ce ai da su zai kafa wa Alhaji ƙofa.

Gide ya gama, ya goge sandar da gefen rigarsa. A daidai lokacin aka jiyo ƙahon motoci daga wajen Sheme. Jama'a suka ruɗe. Mata da yara suka haye kan dutsen da ke tsallaken hanya don su gani da kyau, maroƙa suka buɗe murya, kowa ya mai da ido kan hanya. Gide ya waiga ya duba layinsa, sai ya ga an ƙaru da mutum ɗaya a can ƙarshe. Mamuda ne. Motar kasuwa ta sauke shi yanzun nan, ya zo da bindigarsa a kafaɗa ya tsaya, yana haki, yana murmushi, yana zuba albarushi daga ƙahonsa.

Gide ya nufe shi da sanda a hannu. Ya isa gabansa. Abin da ya rage shi ne ya miƙa hannu ya karɓi bindigar. Amma karɓar bindiga daga hannun wannan mutum daidai yake da ce masa, ban yarda da ɗurinka ba, a gaban waɗanda shi ya koya wa ɗuri. Hannun Gide ya ƙi tashi. Gwiwarsa ce ta yi abin da ta saba, ya durƙusa.

"Baba, an zo lahiya?"

"Lahiya lau. Tashi, tashi, ga baƙonku nan ya iso."

Gide ya koma gaban layi. Motar Alhaji ta tsaya, ya ɗaga hannu, ya sauke. Bindigogi suka tashi gaba ɗaya, bakinsu a karkace sama ta wajen dutsen kamar yadda aka saba, hayaƙi ya rufe komai. Da kunnensa guda Gide ya ji guɗa, sa'an nan ya ji guɗar ta canza ta koma wani abu. Da hayaƙin ya yaye sai ya ga mutane na gangarowa daga kan dutsen, wasu da gudu, wasu ba da ƙafarsu ba.

Mutum huɗu suka rasu: mata biyu, da wani yaro mai tallan gyaɗa, da Mero ɗiyar Barau mahauci, yarinyar da ba ta kai shekara goma ba. Waɗanda suka ji rauni aka zuba su a sabuwar motar Alhaji, jini ya ɓata kujerun da ko ledarsu ba a cire ba, aka kai su ɗakin shan magani na mishan. Can Alheri, matar da ke duba marasa lafiya, ta wuni tana ciro guntayen ƙusa da ƙwayoyin boris na keke tana jefawa a tasa. Ɗurin gadu ne, kowa ya gani. Amma daga wace bindiga ya fito, a cikin wannan hayaƙi, ba wanda zai iya rantsewa. Mutum ɗaya ne kaɗai ya sani.

Labari ya bazu ya canza kama a hanya. A kasuwar Sheme aka ce 'yan fashi ne suka saje da masu harbi. A Ƙanƙara aka ce wani tsohon soja ne da yaƙi ya taɓa wa kai. Rediyo ta faɗi abin a labaran yamma, ta ninka yawan mamatan. Malamai suka yi wa'azi cewa harbin gaisuwa almubazzaranci ne tun asali. Wata mata a Tafoki ta ɗauki bindigar mijinta ta jefa a rijiya, ya sake ta, ya mai da ita bayan kwana biyu. Yara suka daina wasan harbi da karan dawa, domin duk uwar da ta gani sai ta kai duka.

Sa'an nan wani babban ɗan sanda ya zo daga Funtuwa, baƙo a ƙasar, mai Hausar barikin soja. Ba azzalumi ba ne, shi ma daga sama aka matso shi. Ya tara mutane a ƙofar gidan dagaci ya ce magana biyu ce. Ko dai ranar kasuwa mai zuwa a fito masa da wanda ya yi harbin, ko kuma a tattara duk wata bindiga daga Rafin Gawo har iyakar Sabuwa, mai lasin da marar lasin, a loda a mota.

Dawa ta nuna a lokacin, ba a fara yanka ba. Mani ya jagoranci mutanen bakin daji suka zo zauren Gide.

"Sarki, kai ka san gonakinmu. In aka ɗauke bindigogi birai za su yi muna girbi. Gadu kuma ya tone abin da suka bari. Kai ka bi layin nan. Wa ka tsallake?"

"Na ji, Mani."

"Ba ji muka zo ka yi ba. Ko ni ne, ka faɗa. Gara mutum guda ya tahi da a bar yara da yunwa."

Gide ya juya musu mataccen kunnensa. Suka zauna har suka gaji, suka tashi.

Ya shiga gida ya tarar da Lauratu tana sussukar gero a tsakar gida. Mahaifinta yana nan bai koma ba, domin an hana duk wanda ya yi harbi barin ƙauyen, yana kwana a gidan wani abokinsa. Ta ajiye taɓarya.

"Yanzu na kai wa Baba fura," in ji ta. "Yana ta tsine wa wanda ya yi wanga aiki. Ya ce in shi ne dagaci da kanshi zai ɗaure shi."

Gide ya zauna a bakin ƙofar ɗaki.

"Tun bara kanshi ke rikicewa. Sai ya yi la'asar ya sake tashi ya yi alwala, ya ce bai yi ba." Ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. "Malam, ka auna bindigarshi?"

Ya dubi turmin. Kaji suna tsattsagar geron da ya zube, ba wanda ya kore su.

"Ashe," ta ce a hankali. Ta ɗauki taɓaryar ta sake ajiyewa. "In ka faɗa, ba ni cewa ka yi ƙarya. Barau ma ɗiya ya rasa. Amma Baba ba ya kai wata guda a gidan kaso, ka sani. Ni kuma ban san da wane hannu zan ƙara miƙa maka ruwa ba."

Ranar kasuwa ba a ci kasuwa ba. Jama'a suka cika ƙofar gidan dagaci, har kan katanga. Wata babbar mota tana tsaye a gefe, bayanta a buɗe. Masu harbi suna zaune a ƙasa, kowa da bindigarsa a gabansa, Mamuda a cikinsu da farin gemunsa. Barau mahauci yana tsaye a jikin bishiya, bai yi magana da kowa ba tun ranar jana'iza. Liman ya kawo Alƙur'ani, aka sa Gide ya yi alwala ya dafa.

Ɗan sandan ya ce, "An gaya mini kai ne kake duba bindigogi. Ka duba duka?"

"Na auna duka, ranka ya daɗe, sai guda."

Wurin ya ɗauki guna-guni, dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Me ya hana ka?"

"Ba abin da ya hana ni. Sanda na hannuna. Laihina ne."

"Na ji laifinka. Bindigar wa ce?"

Gide ya buɗe baki. Ya dubi motar, ya dubi Mani da mutanen bakin daji da suka zuba masa ido. Sa'an nan ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, bakina ba ya iya faɗin sunan."

"Wa kake tsoro? Dagaci ne? Alhaji ne? Faɗi, ba wanda zai taɓa ka."

"Ba tsoro ba ne."

Baƙon bai gane ba, amma ba wani ɗan ƙasar da bai gane ba. Mutum ɗaya ne a duniya wanda bakin Gide ba ya iya faɗin sunansa. Ba wanda ya waiga ya dubi tsohon. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa ko a sama. Mani, wanda Mamuda ya fara ɗora wa bindiga a kafaɗa yana saurayi, ya rufe fuska da hularsa.

Mamuda shi ne na ƙarshen ganewa. Ya dubi surukinsa, ya dubi bindigar da ke gabansa, ya kai hannu ya shafa ta.

"Gadun," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Na ɗura mashi. Ashe bai zo ba ran nan. Ban harba ba."

Tsohon da ke gefensa ya kama tari mai ƙarfi, na gaba da shi ma ya kama, har maganar ta nutse. Ɗan sandan ya daka tsawa a yi shiru, ya ce in akwai wanda ya san mutumin ya faɗa yanzu.

Barau ya bar jikin bishiyar ya tako tsakiyar fili. Kowa ya san shi ne mai hakki, in ya faɗa ba mai ganin laifinsa. Ya tsaya a gaban Mamuda ya daɗe yana kallonsa. Tsohon ya ɗago kai, hawaye na bin gemunsa, ya ɗaga hannuwa biyu kamar mai jiran a ɗaure shi. Barau ya juya wajen ɗan sandan.

"Ranka ya daɗe, ni ne uban yarinyar. Ku kwashe su. Duka."

Mani ya miƙe. "Haba Barau! Gonakinmu fa?"

"Ni ma ina da gona, Mani. Ɗiya ce ba ni da ita." Ya nuna layin bindigogin da ƙafa. "Yau wanga ya manta, gobe wani ya ji kunya. In aka ɗaure tsoho guda, Sallah mai zuwa ku sake jeruwa. Ni ban son in ƙara jin ƙarar abin nan har in mutu."

Mani yana iya faɗin sunan da kansa ya ceci gonarsa. Ya tsaya, bakinsa a buɗe, sa'an nan ya koma ya zauna. Gide ne ya fara ɗaukar tasa, wadda ya gada daga Ɗanliti, ya kai bayan motar ya ajiye. Sauran suka bi. Mamuda bai iya tashi ba, wani ya ɗauki bindigarsa ya haɗa da tasa ya kai. Kafin mako ya kewayo an bi ƙauyuka an tattara sauran.

Gide ya yi kusan shekara a gidan yari saboda sakaci, bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faɗa ba. Kafin ya fito Mamuda ya rasu. An ce tun da ya koma Sabuwa bai sake zama a cikin mutane ba, abinci ma sai an matsa masa. A bakin daji kuwa abin da Mani ya faɗa ya tabbata. Birai suka shiga dawa da rana tsaka, mata da yara suna buga gwangwani suna jifa, birai na kallonsu. Gidaje da yawa rumbunsu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, wasu suka sayar da awaki, wasu suka tashi suka koma Funtuwa dako. Mani yana cikin waɗanda suka tashi. Bai sake taka zauren Gide ba.

Lauratu ta zauna. Ranar da ya dawo ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu. Ba su taɓa tayar da maganar ba har suka tsufa. Ya koma noma, yana tsaron gonarsa da majajjawa. Ba a sake naɗa Sarkin Bindiga a Rafin Gawo ba, amma sunan ya bi shi, wasu na kiransa da shi don girmamawa, wasu don su ji masa ciwo, shi kuma yana amsa duka iri ɗaya. Ranar da aka kwashe bindigogi ba wanda ya tambayi sandar ɗurin, don haka tana nan a soke a jinkar zaurensa. In zai wuce rumfar Barau a kasuwa yakan yi sallama. Barau yakan amsa, ba ya ɗagowa daga naman da yake yanka.

Bindigogi sun dawo ƙasar daga baya, a hankali, a ƙarƙashin buhunan masara, ba lasin, ba layi, ba wanda ya san adadinsu. Wata rana wani direban babbar mota ya shigo zauren Gide da wani abu a naɗe cikin bargo. Ya ce an ce masa tsohon ya san bindiga, yana so ya duba masa kafin ya saya. Ya warware. Baƙa ce, gajera, irin ta bature, ana cusa mata harsasai da yawa ta ƙasa. Gide ya juyo da kunnen hagu ya saurari bayanin yadda take aiki. Ya ɗaga kai ya dubi sandar da ke jinka, ya sake duban abin da ke kan bargon. Bai taɓa ta ba.

"Ɗana, naɗe abinka," ya ce. "Wagga ban san inda ake auna ta ba."

Gide ya rasu da damina, shekaru kaɗan bayan haka. Barau mahauci, da furfurarsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.